Faifan Da Rana Ta Cinye

"Kada ki taɓa, Laila... da zafi!"

Ba ta saurare shi ba. Ta riga ta ɗaga gilashin sama da hannu biyu, yana ƙona mata yatsu, ba ta saki ba sai da ta jingine shi da bango.

Faifan yana kwance a kan gilashin ƙasa. Ya miƙe kam, sumul kamar an yi masa guga, sai ƙyalli yake cikin ranar Alƙahira. Amma siraran layukan nan da allurar garmaho ke bi, waɗanda murya ke kwance a cikinsu, duk sun narke sun shafe.

Lailatu ta tsuguna a gabansa.

"Hadi... ina layukan?"

Hadi ya durƙusa kusa da ita. Dawowarsa ke nan daga wurin aiki, ko takalmi bai cire ba.

"A inuwar tankin ruwa na bar shi da safe, wallahi. Na rufe shi da tawul. Rana ba ta kaiwa wurin..."

"Ayya, ma'alish, a yi haƙuri!"

Murja ce a bakin matakala, da tire a hannu. Ƙanwar Husaina matar yayan Hadi ce, a hawa na uku take zaune tare da su, shi kuma Hadi yana ɗan ɗakin da ke saman benen.

"Ni na janye shi tsakiya, na rasa inda zan shanya kuɓewa. Na ɗauka cikin tarkacen Bashmuhandis Hadi ne. Wai wani abu ne mai amfani?"

Lailatu ta ɗago ta dube ta. Kuɓewa ai rana take so, ba inuwar tanki ba. Ta san haka, Murja ma ta san ta sani.

Amma ba ta da ƙarfin faɗa.

"Muryar uwata ce," ta ce a hankali. "Ita ke nan guda ɗaya a duniya."

Dije, mahaifiyar Lailatu, zabiya ce a Damagaram. Babu bikin da ake kai amarya ba a nemi Dije ba. Sau ɗaya tak aka ɗauki muryarta a faifai a Yamai, bayan nan ba ta daɗe ba ta rasu, ta bar Lailatu tana koyon tafiya. Yayar Dije, Inna Sabuwa, ita ta riƙe yarinyar, ta taho da ita Masar lokacin da mijinta ke fatauci. Mijin ya rasu, Inna ta zauna a Ainu Shams tana sayar wa ɗalibai yaji da daddawa da ƙuli-ƙuli. Faifan kuwa tun a hanya zafin mota ya lanƙwasa shi kamar marfin tukunya, duk garmahon da aka ɗora shi sai allura ta yi tsalle ta faɗi.

Sai a shekarar 1983 aka ce mata akwai wani ɗan Zariya a unguwar Faisal, babu na'urar da take gagararsa.

Ranar da ta fara hawa saman benen nan, ta tarar da shi a gaban talabijin, riƙe da wata 'yar sanda mai maɓalli, yana harbin wasu halittu da ke saukowa daga sama. Atari ake kiran abin. Matacce ya saye shi a kasuwar gwanjo ya tashe shi.

"Yi haƙuri, ƙanwata, wasan nan ba a tsayar da shi," ya ce, idonsa a kan talabijin. "Sai na mutu."

"To Allah ya ba ka tsawon rai, ni dai ina da motar da zan kama."

Ya yi dariya har halittun suka cinye shi.

Da ya karɓi faifan, da tafin hannu ya tallabe gefensa, kamar mai ɗaukar jariri. Ya ce zai miƙe, amma ba da garaje ba. Za a sa shi tsakanin gilasai biyu, a nuna masa ranar hantsi kaɗan, a mayar inuwa ya huce, gobe a sake. In aka yi gaggawa, murya ta tafi.

Ita hannun nan ta fara so, kafin mai hannun.

Hadi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Dokki, shi ya sa ake ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya, aikinsa tsara aiki: wane ne zai fara, wane ne zai jira, me zai bushe kafin a ɗora wani abu a kansa. Har rayuwarsa haka ya tsara. A bangon ɗakinsa akwai allon katako, ya kafa katuna da ƙusoshi, jan zare ya bi daga wannan zuwa wancan. Kammala karatu. Aiki. Takardar zama. Gida mai ɗaki biyu. Firiji. Yardar Yaya Malam.

Can ƙasa, inda zaren ya ƙare, kati ɗaya: Lailatu.

"Ni ce ta ƙarshe?" ta taɓa tambayarsa. "Har firiji ya riga ni?"

"Ke ce rufin ginin, hasken idona. Ba a ɗora rufi sai ginshiƙi ya bushe."

Ta yi murmushi a lokacin. Damina ba ta sauka a Masar balle mutum ya ƙirga da ita, amma sanyi ya zo ya wuce, azumi ya zo ya wuce, faifai bai gama miƙewa ba, ginshiƙi bai gama bushewa ba. Kullum bukra, wato gobe. Ta ce masa ya fi Misrawa iya bukra.

Yanzu ga Inna ta gaji da baƙunta. Ta ce bayan Babbar Sallah za ta koma Damagaram, kuma ba za ta bar budurwa a ƙasar mutane ba tare da igiyar aure ba.

Hadi ya sani. Ya ce yana lissafi.

"Me ke faruwa a nan?"

Malam Nata'ala ne ya hawo, yayan Hadi, da littafi a hammata. Shekarunsa da yawa yana karatun fiƙihu a Masar, shi ne uban Hadi a wannan ƙasa. Ya dubi faifan, ya dubi takardar da ke tsakiyarsa, wadda ita kaɗai rana ta bari. Ba yau ya fara ganinta ba, Murja ta riga ta kai masa labari.

"Zabiya Dije," ya karanta. "Lailatu, Allah ya ji ƙan mahaifiyarki. Ba ni da abin faɗa a kanki, ke yarinya ce mai kamun kai. Amma gara ki ji daga bakina. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ba zan iya aika wa Baba cewa ɗansa ya ɗauko 'yar zabiya ba."

Lailatu ta juya ta dubi Hadi.

Kalma ɗaya take jira.

Hadi ya sunkuyar da kai. "Yaya Malam... a bari mu zauna tukuna. Komai da lokacinsa."

Malam ya sauka. Murja ta bi bayansa, da tirenta da kuɓewarta.

Lailatu ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Laila, tsaya! Don Allah tsaya... muryar ba ta ɓata ba!"

Ya faɗa ɗaki da gudu, ta ji yana jan akwati. Ya fito da kaset a hannu, fuskarsa har da ɗan haske.

"Ƙa'idata ce, ba na taɓa abu sai na ajiye madadinsa. Na rage wa garmaho gudu, na ɗora kwabon ƙirshi a kan allurar don kada ta yi tsalle, na ɗauka a kaset, sannan na ƙara wa rikoda gudu har muryar ta dawo daidai. Tana nan, Lailata! Duk waƙar tana nan!"

Ta karɓi kaset ɗin.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Tun... tun makon da kika kawo shi."

"Bara ke nan."

"E."

"Bara." Ta sake faɗa, kamar mai ɗanɗana magani. "Tun bara muryar uwata tana cikin akwatinka, ni ina hawa motar Ainu Shams zuwa Faisal ina tambayarka ko ya miƙe?"

"Ba ta fita da kyau ba, shi ya sa! Muryar tana rawa, tana hawa tana sauka saboda lanƙwasar. Na so in ba ki cikakkiya, mai tsabta, ranar da..."

"Hadi, ban san muryarta ba."

Ta matse kaset ɗin a ƙirji.

"Ban san mai kyau ba, ban san marar kyau ba. Ko tari ta yi a ciki, da na kwana ina saurare." Hawayen da ta hana Murja gani suka zubo. "Murja ƙiyayya ta sa ta ƙona mini faifai, wannan na gane. Kai kuma so ya sa ka ɓoye mini uwata shekara guda. Wanne zan kai ƙara?"

"Masoyiyata..."

"A wasanka in ka mutu, sai a ba ka wani ran, har uku. In sun ƙare ka danna ka sake daga farko. Ni rai ɗaya gare ni, Bashmuhandis, kuma a jira yake ƙarewa."

Ta saka kaset ɗin cikin jaka.

"Na gaji. Khalas."

Ba ta waiwaya ba har ta sauka.

A Ainu Shams ta tarar da Inna Sabuwa tana ɗaure kwanuka cikin tsofaffin zannuwa. Lailatu ta jawo rikodar da suke jin saƙon 'yan gida da ita, ta saka kaset ta danna.

Ƙara ta fara fitowa, shuu, kamar ana soya gyaɗa cikin yashi. Sai kalangu. Sai murya.

Siririya ce, tana lilo, ta hau ta sauka kamar mai waƙa a bayan raƙumi.

"Tafi sannu, 'yar lelena,
Gidan da za ki ba nisa,
In kin ji ƙishi, ki tuna randar uwa..."

Kwanon da ke hannun Inna ya faɗi.

"Dije!" ta ce. "La ilaha illallahu... Dije!"

Suka zauna a ƙasa, tsohuwa da budurwa, har waƙar ta ƙare. Lailatu ta mayar. Ta ƙare, ta sake mayarwa.

"Inna, haka muryarta take rawa?"

"Ina! Muryar Dije tsaye take kamar tabarya. Amma ita ce. Kin ji inda take jan numfashi kafin ta ce 'yar lelena? Haka take yi ko sunanki za ta kira." Inna ta share ido da bakin zane. "Da babu gara ba daɗi, 'yar nan. Wa ya fito da ita?"

Lailatu ta ba ta labari duka, har da maganar Malam Nata'ala.

Inna ta kashe rikodar.

"'Yar zabiya. To, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai uwarki ba ta taɓa rera abin da za ki ji kunya ba." Ta ɗauki kwanon ta ci gaba da naɗewa. "Shi kuma yaron nan ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa ya sa masa suna tsari. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a ce budurwa ta zauna gadin tukunyar ba. Ɗauko akwatinki."

Sallah ta matso. Aka fara jin kukan raguna a saman benaye. Lailatu ta daina zuwa Faisal, Inna ta riƙa ba wasu ɗalibai saƙon yajin da Husaina ke saye. Ba ta kuka. Tana ninke kaya, tana dafa ful, waken Misrawa, tana jin kaset. Barci ne dai ba ya isarta ko ta yini a kwance.

A Faisal kuwa, Hadi ya kunna Atari wata ranar Juma'a, ya riƙe sandar, ya ƙi dannawa. Yana kallo halittun suka sauko suka cinye rai na farko, suka cinye na biyu, suka cinye na uku. Ya kashe talabijin. Ya daɗe tsaye a gaban allonsa, sannan ya sauka hawa na uku.

Malam Nata'ala yana zaune kan darduma bayan La'asar.

"Yaya Malam, tambaya na zo yi, irin ta ɗalibi."

"Bismillah."

"A mazhabarmu, me ake dubawa kafin a ce wane tsaran wance ne a aure?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau. Ya san inda aka dosa, amma ba mutum ne mai karkatar da karatu ba.

"Addini, da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure."

"Sana'ar uwa fa?"

Malam ya kai ido kan littafin da ke gabansa.

"Ba ta ciki," Malam ya ce daga baya. "In ma littafin za a bi, namiji ake aunawa ko ya kai tsaran mace. Kai za a ɗora a sikeli, ba ita ba." Ya rufe littafin. "Amma Hadi, ba littafi nake tsoro ba. Gida nake tsoro. Me zan ce wa Baba?"

"Ba kai za ka faɗa ba. Ni zan yi masa kaset da bakina, in faɗi sunan uwarta da sana'arta. In fushi ne ya sauka a kaina."

"Ina ka baro lissafin naka? Gidan fa? Firijin fa?"

"Babu ko ɗaya, Yaya. Ɗakin sama ne kawai da tankin ruwa."

Husaina ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfa. "Malam, ni ma bari in sauke nauyi. Na tsare Murja ta faɗa mini gaskiya, da gangan ta yi. Mu muka sa mata rai da Hadi, shi bai taɓa ce mata komai ba. In aka bar marainiyar nan ta tafi a haka, da hannunmu a ciki."

Malam ya cire tabarau ya murza idanu.

Washegarin Sallah da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar Inna. Ɗakin duk ƙullin kaya ne, ko wurin shimfiɗa tabarma da kyar.

Lailatu ta buɗe.

Hadi ne, ya rame, rigarsa ko guga babu. Bayansa Malam Nata'ala, da farar jallabiya, yana kallon ƙasa.

"Wa nake gani kamar Bukra?" in ji Inna daga ciki. "Ku shigo, ku zauna kan akwati, kujerun mun bayar."

Aka gaisa, aka yi barka da Sallah. Malam ya yi gyaran murya.

"Inna, mun zo neman iri. Na faɗi wata magana a saman bene wadda ba ta da tushe a karatu, Allah ya yafe mini, ke ma Lailatu ki yafe. Ban ce zuciyata ta gama sakewa ba, kuma ban san abin da Baba zai ce ba. Amma ni ne wakilin Hadi, ina nema masa auren 'yarki."

"Ni ba ni da ta cewa," in ji Inna. "Ga mai abin nan. Ita aka gajiyar."

Hadi ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kati, da hudar ƙusa a samansa, guntun jan zare na rataye.

Ya miƙa mata. Sunanta ne a jiki.

"Na ciro ki daga allon, Laila. Ba wurinki ba ne. Ba ni da gida mai ɗaki biyu, takardar zamana ma ba ta fito ba. Komai nawa rawa yake kamar kaset ɗin nan. In za ki karɓa a haka..."

Ta juya katin a hannunta.

"Yaushe?"

"Na yi tunanin in aka ba ni zuwa..."

"Hadi!"

"Yau," ya ce da sauri. "Yau! Bayan Azahar, in Inna ta yarda a kira Baba Bukari ya tsaya miki."

Baba Bukari shi ne dattijon 'yan Nijar a unguwar, aminin marigayi mijin Inna.

Lailatu ta dube shi tsawon lokaci. Gajiyar ba ta tafi ba, tana nan a kafaɗunta. Amma wani abu ya saki a ƙirjinta, kamar an kwance ɗaurin da ya daɗe.

"Sharaɗi ɗaya. Duk abin da ka gyara mini, ka ba ni shi ranar da ya fara motsi. Sauran mu ƙarasa tare."

"Na ɗauka, rabin raina."

"Kuma in na yi sallama, a mutu a wasan nan nan take."

Inna ta tuntsire da dariya. Malam ya kau da kai yana gyara tabarau.

"Yalla," in ji Inna, "wani ya kira mini Bukari kafin yaron nan ya tuna da firiji!"

An ɗaura auren a ƙaramin masallacin unguwa, da dabino da ragowar naman Sallah. Inna ta ɗage tafiyarta zuwa bayan biki.

Ranar da aka kai amarya, da yamma, matan Nijar da na Najeriya suka cika saman benen Faisal. An sauke allon katako an ɗora a kan bulo, a kansa aka jera kofunan shayi da zoɓo. Murja ba ta hawo ba, amma Husaina ta kawo tiren zalabiya ta ce ita ta soya. Lailatu ta ɗauki ɗaya ta ci.

Faifan da rana ta cinye yana rataye a bangon ɗakin, a kan ƙusar da allon ya bari.

"Babu mai waƙar rakiya?" wata tsohuwa ta tambaya. "Haka za a shigar da amarya shiru kamar an sato ta?"

"Akwai," in ji Inna Sabuwa.

Ta ɗora rikoda a kan tankin ruwa, ta danna.

Shuu... sai kalangu... sai muryar nan mai lilo ta tashi a kan rufin gidajen Faisal, tsakanin igiyoyin shanya da tantabaru.

"Tafi sannu, 'yar lelena..."

Malam Nata'ala yana bakin matakala, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, zai sauka. Ya tsaya. Bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Inna ta kama hannun Lailatu ta nufi ƙofar ɗakin da ita, tana magana ƙasa-ƙasa, ba da amarya ba.

"'Ya'yan mutane nawa kika raka, Dije? To ga taki. Raka ta."

Lailatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta taka a hankali, don kada ta riga waƙar isa bakin ƙofa.